Wasan Yaƙi na Kan Tebur da Amanar Littafin Almara

Gabatarwa

Ɗaliban adabi sun saba da muhawarar juya labari daga wata siga zuwa wata. Misali mafi kusa shi ne littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Duk wanda ya karanta biyun zai iya faɗin abin da labarin ya samu da abin da ya rasa a hanya. Amma akwai wani irin juyi da manazarta ba su cika waiwaya ba, watau mayar da ƙagaggen labarin almara wasan yaƙi na kan tebur. A irin wannan wasa mutum biyu ko fiye kan zauna gaban taswira, ko gaban fagen daga na kwaikwayo mai 'yan duwatsu da 'yan itatuwa, kowa ya ja rundunarsa ta 'yan mutum-mutumi na dalma ko na roba, sa'an nan dokoki da ƙuri'a su raba gardama tsakaninsu. Ƙuri'ar kuwa ita ce ɗan abin nan mai fuska shida da ake jefawa a wasan ludo.

Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, mai tsara dokokin irin wannan wasa yana yin tarken adabi ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma wurin da ake gane ingancin tarkensa shi ne sharaɗin nasara, watau abin da doka ta ce in mutum ya yi shi ya ci wasa. Idan abin da wasa ke kira nasara ya saɓa da abin da littafi ke kira nasara, to, an ci amanar littafin, ko da an kawo sunayen taurarinsa da taswirarsa ba kuskure. Za a gwada wannan ra'ayi da littafin The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, malamin harshe a Jami'ar Oxford ta Ingila, wanda ya fito cikin juzu'i uku a 1954 da 1955, domin an daɗe ana mayar da shi wasan yaƙi, kuma an gwada hanyoyi dabam dabam a kansa.

Asalin Wasan

Tushen wasan yaƙi na zamani aikin soja ne. A 1812 wani mutumin Furushiya, ɗaya daga cikin daulolin Jamus, mai suna von Reisswitz ya gabatar wa sarkinsa tebur na gwada yaƙi. A 1824 ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara dokokin ya buga su. Wasan nasa, da ake kira Kriegsspiel, ana yinsa bisa taswira ta gaskiya da 'yan ƙarafa ja da shuɗi a madadin rundunoni, kowane zagaye yana tsaye a matsayin minti biyu na yaƙi, ga alƙali a tsakani yana karɓar umarnin kowane ɓangare a rubuce, yana jefa ƙuri'a ya faɗi abin da ya auku. Shugabannin soja suka karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya buga Little Wars, inda ya fito da abin daga bariki ya kawo shi ɗaki, ana harba 'yar igwar wasa mai jifa da ɗan katako, duk sojan da ta kayar ya mutu.

Abin lura a nan shi ne gadon da wasan ya ɗauko daga iyayensa. An ƙago shi don amsa tambayoyin hafsan soja: mutum nawa, tazara nawa, cikin minti nawa, asara nawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk lokacin da aka zuba wani labari cikin wannan mazubi, mazubin kan nemi ya mayar da kome lissafin ƙarfi da asara, sai fa in mai tsarawa ya tsaya da gangan ya hana shi.

Mai Sihiri ya Zama Igwa

A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail a Amurka, dokokin yaƙin zamanin sulke da mashi na ƙasashen Turai. A ƙarshen littafin aka liƙa rataye na almara, inda aka ambaci Tolkien da Robert E. Howard a matsayin marubutan da mai wasa zai iya kwaikwayon yaƙe-yaƙensu. Wannan rataye ya yi tasiri ƙwarai, domin daga gare shi ne Dungeons & Dragons ya tsiro a 1974. Amma a dubi yadda ya bi da mutanen labari. An ƙaddara jarumi daidai da mayaƙa huɗu, babban jarumi kuwa ninkin haka. Mai sihiri an ba shi dunƙulen wuta da tsawa, aka auna ɓarnarsu da ma'aunin na'urar jifa da duwatsu da kuma igwa, waɗanda dokokin sun riga sun tanada.

Dabara ce mai kyau ta fuskar wasa, don ba sai an ƙago sabuwar doka ba. Ta fuskar adabi kuwa fassara ce gurguwa. Mai karatun Tolkien ya san cewa dattijo Gandalf, ko da yake yana da asiri, ba kasafai yake cin yaƙi da wuta ba. Aikinsa shi ne shawara da ƙarfafa zukata. Shi ya tashi Sarki Théoden na Rohan daga kujerar da mugun bafade ya zaunar da shi, shi ya riƙa zagaya ganuwar Minas Tirith yana mayar wa mayaƙa da ƙarfin hali sa'ad da mai riƙon sarautar garin, Denethor, ya yanke ƙauna. Haka nan mahaya tara, manyan bayin Sauron, babban makaminsu tsoro ne, kukansu kawai kan sa namiji ya yar da takobi. Dokar da ta ba Gandalf maki don yawan waɗanda ya ƙone ta ɗauko sunansa, ta bar mutumin a cikin littafi.

Abin da Littafin ke Kira Nasara

Ga wanda bai karanta ba, ga zubin labarin a taƙaice. Sauron, mugun sarkin ƙasar Mordor, ya ƙera Zobe ya zuba yawancin ikonsa a ciki, sa'an nan Zoben ya ɓace masa. Bayan zamani mai tsawo ya faɗo hannun Frodo, ɗaya daga cikin wasu gajerun mutane marasa ƙarfi da ake kira Hobit. Duk wanda ya yi amfani da Zoben don yaƙar Sauron, a ƙarshe shi ma zai zama wani Sauron. Saboda haka aka yanke shawarar a kai shi Dutsen Halaka, a tsakiyar Mordor, a jefa cikin wutar da aka ƙera shi. Ayarin mutum tara ya tashi da shi, ya watse a hanya, Frodo da baransa Sam kaɗai suka ci gaba.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Manyan yaƙe-yaƙen littafin ba su ne ke yanke hukunci ba. An ci nasara a Helm's Deep, an ci a filin Pelennor inda mahaya dubu shida na Rohan suka kawo ɗauki, amma bayan duk wannan Gandalf ya gaya wa shugabanni cewa ƙarfin makami ba zai kai su ga cin Sauron ba. Sai Aragorn ya fita da mutum dubu bakwai, ya isa Baƙar Ƙofa ta Mordor da abin da bai kai dubu shida ba, ya tsaya gaban rundunar da ta ninka tasa fiye da sau goma. Ya san ba zai ci ba. Nufinsa idon Sauron ya tsaya a kansa, ƙasar Mordor ta zama wayam, mutum biyu masu rarrafe da ƙishirwa su sami hanya. Jigon ke nan: mai ƙarfi kan auna kowa da mudun kansa, shi ya sa bai taɓa faɗo wa Sauron a rai ba cewa wani zai sami Zoben ya nemi hallaka shi.

Tolkien da kansa ya nuna inda zuciyar labarin take. A 1957 aka kawo masa tsarin wani fim da ake son yi, wanda Morton Grady Zimmerman ya rubuta. A wasiƙar da ya mayar ya koka cewa marubucin ya fi karkata ga faɗace-faɗace, ya yi sakaci da tafiyar masu ɗauke da Zobe, ya kuma yawaita kiran manyan mikiyoyi su ɗauki mutane duk inda tafiya ta yi wuya. Mutumin da ya ga yaƙin Somme a Faransa da idonsa a 1916 bai rubuta littafinsa don a ƙirga gawa ba. Wasan da ya ce wanda ya fi kashe abokan gaba shi ya ci, ya koyar da masu yinsa su dubi duniya da idon Sauron.

Yadda Doka kan Ɗauki Jigo

Ana iya cewa wannan ƙorafi ne na wanda ba zai iya gyarawa ba. Amma an gyara. Tun a 1977 kamfanin SPI na Amurka ya fitar da War of the Ring, na Howard Barasch da Richard Berg, wanda ya haɗa tafiyar taurari da motsin rundunoni bisa taswira ɗaya. A 2004 wasu Italiyawa uku, Roberto Di Meglio da Marco Maggi da Francesco Nepitello, suka fitar da wani wasan mai suna iri ɗaya, kuma dokokinsa sun cancanci a yi musu nazari kamar yadda ake yi wa kyakkyawar fassara.

Da farko, hanyar nasara biyu ce ga kowane ɓangare. Mai riƙe da Sauron zai ci in ya kama garuruwa da ribaɗoɗin da suka kai maki 10, ko kuwa in lalacewar zuciyar mai ɗauke da Zobe ta kai 12 a bisa wani ma'auni da ke gefen allo. Mai riƙe da 'yantattun al'ummu zai ci in Zoben ya isa wuta, ko in ya ƙwace wuraren abokin gaba da suka kai maki 4, abin da ke da wuya, amma tsoronsa kan hana Sauron barin gida ba tsaro.

Na biyu, ƙarfi ba ɗaya ba ne, kuma ba a ɓoye hakan ba. Kowane zagaye ana jefa wasu ƙuri'o'i na musamman da ke nuna abin da mutum zai iya yi. Sauron kan fara da 7, abokin karawarsa da 4. Sojan Sauron in ya mutu yana komawa cikin waɗanda za a sake ɗauka, na 'yantattun al'ummu kuwa in ya faɗi ya tafi ke nan. Daɗin daɗawa, Gondor da Rohan da sauransu ba su fara wasa a shirye don yaƙi ba, sai an tashe su, an matsa da su mataki mataki, daidai da yadda littafin ya nuna sarakuna masu nawa da shakka.

Na uku, kuma shi ne mafi hikima, kowane ɗan wasa yana fuskantar irin tsaka-mai-wuyar da mutanen littafin suka fuskanta. Ƙuri'ar da Sauron ya ware don farautar Zobe ba zai ja runduna da ita ba. Ƙuri'ar da ɗaya ɓangaren ya kashe wajen matsar da ayari ba zai tafiyar da jarumi ko runduna da ita ba, kuma in ya yawaita matsar da ayarin a zagaye ɗaya farauta na ƙara kaifi. In aka cim ma ayarin, sai ya zaɓa: ko dai Frodo ya ɗauki lalacewar, ko a sadaukar da ɗaya daga cikin abokan tafiya. In ya fitar da Aragorn daga ayari don ya je ya karɓi sarauta, ya sami ƙarin ƙuri'a, amma Frodo ya rage garkuwa. Ba wanda ya karanta wa ɗan wasa darasi a kan jigo. Hannunsa ne ya koya.

Akwai kuma wata matsala da duk mai juya littafi wasa zai tarar, watau ɗan wasa ya karanta littafin, Sauron bai karanta ba. Da za a sake wa mai riƙe da Sauron mara, da sai ya tara dukan rundunarsa a gindin Dutsen Halaka ya zauna, dara ta ci gida. Masu tsara wasan 2004 sun toshe wannan ƙofa. Runduna ba ta iya kai wa ayari hari kai tsaye, iyakarta ta taimaka wa farauta, kuma an ƙayyade yawan ƙuri'ar da zai iya warewa don farautar. Watau an mayar da makantar Sauron doka. Mai tsarawa da bai gane cewa wannan makanta ita ce ƙashin bayan labarin ba, ba zai san yana bukatar irin wannan doka ba.

Jarumi a Cikin Lamba

Wannan a ma'aunin babban yaƙi ke nan. A ma'aunin ƙaramin artabu kuwa, inda kowane mutum-mutumi mutum ɗaya ne, akwai darasi a wasan da kamfanin Games Workshop na Nottingham ya fitar a 2001, tare da fim na farko na Peter Jackson, wanda Rick Priestley ya jagoranci tsara dokokinsa. Ban da lambobin da aka saba, na iya faɗa da ƙarfi da kariya, an ba kowane jarumi wasu taskoki uku masu ƙarewa. Ta farko ta bajinta ce, da ita yake gyara ƙuri'ar da ta faɗi ba daidai ba, ko ya riga abokin gaba motsi. Ta biyu ta ƙudurin zuciya ce, da ita ake yin sihiri ko a tsaya masa. Ta uku ita ce wadda Bahaushe zai kira sauran shan ruwa: in an yi wa jarumi rauni, sai ya kashe maki ɗaya ya jefa ƙuri'a, in ta yi kyau raunin bai same shi ba.

A dubi abin da aka yi wa Boromir, ɗan Denethor, wanda ya nemi ƙwace Zoben daga Frodo, ya yi nadama, ya mutu yana kare Hobit biyu. An ba shi bajinta 6, ninkin abin da aka ba manyan jarumai irin su Aragorn, ƙudurin zuciya 1, sauran shan ruwa kuwa ba ko ɗaya. Lambobi uku sun faɗi halin mutum da ƙarshensa: gwarzo ne a fage, zuciyarsa ba ta da wuyar ja, kuma ranar da kibiya ta same shi ba abin da zai tare ta. Da ɗalibi zai rubuta shafi biyu a kan Boromir, da wuya ya wuce wannan. Haka kuma, a dokokin da aka buga a 2018, in fiye da rabin runduna ta faɗi kowane mayaƙi sai ya ci jarrabawar ƙarfin hali ko ya gudu, amma in jarumi ya ci tasa, na kusa da shi sun tsaya tare da shi. Ga aikin Gandalf na kan ganuwa ya sami gurbi a doka.

Duk da haka, wannan wasa yana da ƙofar da amana kan zurare. Akwai salon gasa inda kowane ɓangare kan sayi runduna da adadin maki daidai da na abokinsa, a kara a fili bisa sharaɗi iri ɗaya. Gasa ce mai daɗi, ba laifi a yi ta, amma kada a kira ta Tolkien. A littafin ba a taɓa yin yaƙin da ɓangarorin suka zo da ƙarfi ɗaya da buri ɗaya ba.

Shimfiɗar Fage

Saboda haka nauyin amana ya fi sauka a kan shimfiɗar fage, watau takardar da ke faɗin wa ke nan, a wane wuri, na tsawon wane lokaci, me kowa ke nema, kuma me ya jahilta. Misalai uku za su isa a nuna yadda ya kamata a yi.

A Helm's Deep, rundunar Saruman ta kai dubu goma ko fiye, masu tsaro kuwa 'yan kaɗan ne a bayan ganuwa. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne dare. Masu tsaro sun ci in hasumiya na hannunsu kuma sarki na da rai sa'ad da gari ya waye. Zuwan Gandalf da Erkenbrand kada a ɗaure shi ga zagaye sananne, a bar ƙuri'a ta faɗa bayan wani lokaci, domin Théoden bai san ko ɗauki na zuwa ba, kuma in ɗan wasa ya sani zai yi ta ɓuya yana duban agogo. Mai riƙe da Saruman a bar shi ya rubuta a asirce inda zai fasa ganuwa da wutarsa, don abokinsa ya ɗanɗani abin da masu tsaro suka ji sa'ad da magudanar ruwa ta tashi.

A Amon Hen, inda ayari ya watse, an umarci mayaƙan Saruman su kawo Hobit da rai. Saboda haka dokar fage ta hana su kashe Hobit, ta ba su maki don fita da shi daga tebur, kuma kada su san wanne ne ke ɗauke da Zobe. Ɗaya ɓangaren kuwa, in Frodo ya ƙetare kogin Anduin, ya ci, ko da Boromir ya faɗi. Ta haka ɗan wasa zai ga kansa yana tura gwarzonsa mutuwa don wani ƙaramin mutum ya kai bakin ruwa.

A Baƙar Ƙofa kuwa, fagen da aka tsara don Aragorn ya iya ci da takobi ƙarya ne. Daidai shi ne a ce duk zagayen da tutarsa ta ƙara a tsaye, Frodo ya ƙara taki ɗaya a wani allo dabam, kuma mai riƙe da Sauron yana da damar janye wasu mayaƙa daga fage don su koma neman ɗan leƙen asiri, a bisa farashin sassauta wa Aragorn.

Hujjojin Masu Saɓani

Masu saɓa wa wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce, in dole wasa ya bi littafi, to, an san ƙarshensa, abin da aka san ƙarshensa kuwa wasan kwaikwayo ne. Amsa ita ce amanar da ake nema ta tambaya ce, ba ta amsa ba. A ɗora wa ɗan wasa nauyin da aka ɗora wa Théoden ko Denethor, sa'an nan a bar shi ya zaɓa. In Minas Tirith ta faɗi a kan tebur ba a ci amanar kowa ba, domin a littafin ma saura ƙiris ta faɗi. Hasali ma, wanda ya ga Sauron ya ci sau biyu cikin huɗu zai fi fahimtar girman kasadar da aka yi a majalisar Elrond.

Ta biyu ita ce adalci: wa zai yarda ya zauna da runduna kaɗan gaban mai yawa? Amma adalcin wasa yana cikin damar cin nasara, kuma ana iya daidaita dama ba tare da an daidaita runduna ba. A dara, 'ya'yan kowa daidai suke da na abokinsa, don dara ba ta ba da labarin kowa. Wasan da ya ɗauko labari ya ɗauko rashin daidaiton labarin tare da shi, sai a gyara ma'auni ta wajen sharaɗi, kamar maki 10 da maki 4 da aka ambata.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma dole a sallama mata wani abu. A ƙarshen tafiya Frodo bai jefa Zoben ba. Ya tsaya bakin wuta ya ce nasa ne. Gollum, halittar nan da Zoben ya lalata, wadda Bilbo ya ji tausayinta bai kashe ta ba, Frodo ma ya ƙyale ta, Sam ma a ƙarshe ya ƙyale ta, ita ta cije yatsansa ta faɗa wuta da Zoben. Watau abin da ya ceci duniya tausayi ne da aka yi ba don ana tsammanin lada ba. A maƙalar da ta samo asali daga laccar da ya yi kan labaran almara a 1939, Tolkien ya yi bayanin irin wannan juyin alheri na ba zato, wanda yake gani shi ne babban aikin irin waɗannan labarai. Wannan kuwa doka ba ta iya ɗaukarsa. Da zarar an rubuta cewa wanda ya ƙyale Gollum zai sami riba a gaba, tausayi ya zama ciniki. Ƙuri'a ma ba ta maye gurbinsa, domin sa'a ce tsagwaronta, alhali littafin na nuni da cewa akwai wata hikima a bayan abin da mutane ke kira sa'a. Wasan 2004 ya sa Gollum ya zama jagoran tafiya in abokai sun ƙare, kuma iyakar abin da doka za ta iya ke nan. Amma gazawa a kan abu ɗaya ba ta zama izinin watsar da sauran ba. Rashin iya ɗaukar tulu ba ya hana a ɗauki ƙwarya.

Kammalawa

An ga cewa wasan yaƙi ya gaji lissafin ƙarfi daga bariki, littafin Tolkien kuwa an gina shi ne don ya nuna iyakar ƙarfi, saboda haka haɗa su sai da lura. An ga inda aka mayar da Gandalf igwa, an kuma ga inda lambobi uku suka faɗi halin Boromir. Bambancin biyun karatu ne: wani ya ɗebi sunaye, wani ya nemi jigo kafin ya rubuta doka. Abin na da muhimmanci domin matasa da yawa sun san wannan labari ta fim da wasa kafin su buɗe littafin, kuma abin da mutum ya maimaita da hannunsa sau hamsin ya fi zama a zuciya bisa abin da ya karanta sau ɗaya.

Ga ɗalibin wannan sashe, akwai aikin gwaji a nan. A ɗauki Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, inda tauraron ya yi yaƙi da Turawa sa'an nan ya shiga duniyar aljanu, a tambayi kai: da za a mayar da shi wasa, me za a rubuta a gurbin sharaɗin nasara? Yawan waɗanda ya sare, ko ƙin miƙa wuya, ko kuwa dawowa gida da labarin da yara za su zauna su saurara? Wanda ya iya amsawa da hujja daga cikin littafin ya gama warware jigonsa. Wanda ya kasa kuwa, sai ya koma ya sake karantawa kafin ya taɓa ƙuri'a. Allah ya sa a dace.